Ranar Da Amarya Ta Fito Koriya

 Yau ba labarin kishiya na zo muku da shi ba, ba kuma na uwar miji ba. Labarin wata 'yar na'ura ce da ba ta fi akwatin lefe ƙarami girma ba, wadda ta kusa zubar mini da mutunci a unguwarmu, ta kuma buɗe mini ido a kan wani mutum da na ɗauka na gama saninsa. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "To mu ina ruwanmu da firinta?" Ki yi haƙuri 'yar uwa ki karanta, wataƙila gobe ke ce za ki yi tagumi a gabanta kamar yadda na yi.

Mu huɗu ne a wajen Ummanmu, ni ce ta biyu. Tun rasuwar Babanmu ɗinki ne ya riƙe gidanmu, sai ɗan abin da Yayana yake samu a aikin kwamfuta. A ƙarshen 2022 aka tura shi bautar ƙasa can kudu, da zai tafi ya kira ni ɗakinsa ya nuna mini tsohuwar kwamfutarsa da firinta mai tawada, ya ce, "Ga amana nan, in kin iya riƙewa ba za ki roƙi kowa kuɗin sabulu ba." Ya koya mini yadda ake tsara kati da yadda ake buga hoton fasfo, amma saboda gaggawa bai tsaya ya koya mini yadda ake kula da ita kanta na'urar ba, ni kuma ban tambaya ba, don a ganina abu ne da za a jona a danna ya fito.

Wallahi kasuwa ta buɗe mini fiye da zatona. Matan aure da ba sa son fita su tsaya gaban namiji ya ɗauke su hoto, wajena suke zuwa. 'Yan makaranta masu aikin gida, wajena. Har aka fara ce mini "mai firinta", ni kuma kai ya fara kumbura.

A ƙarshen watan Disamba ina cikin buga wasu takardu aka ɗauke wuta, na'urar ta tsaya cak. Na zare filogi daga soket na tura ta gefen taga. Washegari aka aiko Gwaggona ba ta da lafiya a Gaya, Umma ta ce in je in zauna da ita. Zuwan da na zaci na kwana uku ne sai da na yi sati biyar. Duk tsawon lokacin nan firinta tana gefen taga ko ƙyalle ban rufa mata ba, ga hunturu ana yi mai busar da leɓe, ga ƙura kai ka ce gari aka watsa a ɗakin.

Ranar Litinin 6 ga Fabrairu, 2023, kwana biyu da dawowata, da misalin ƙarfe 4:30 na yamma sai ga sallamar Hajiyar bayan layinmu. Mace ce mai kwarjini, in tana magana ba ka iya haɗa ido da ita. 'Yarta ta fari za ta aurar, kuma an matso da bikin saboda zaɓen da za a yi ranar 25 ga wata. Ta ce ta zagaya wajen masu buga takardu duk sun ce fastocin 'yan siyasa sun sha musu kai, ba su da lokacin ƙaramin aiki. Tana son katin kamu guda 200 da sitika 100 ta mannawa a jikin jota da robobin rabo, duk da hoton amarya, kuma ranar Juma'a take son karɓa.

Ta dube ni ta ce, "'Yata za ki iya? In ba za ki iya ba ki gaya mini tun da wuri."

Na ce, "Haba Hajiya, wannan ai aikin yini ɗaya ne."

Nan take ta tura mini naira 30,000 ta waya, don lokacin nan ne ake fama da canjin kuɗi, tsabar naira ta zama kamar zinare, mutane na kwana a layin banki. Kafin ta kai gida na gama lissafin kuɗin. Na sayi takardar kati da ta sitika, ragowar kuma na je na biya kuɗin rajistar JAMB da na daɗe ina zullumin inda zan samo. Ko gwada na'urar ban yi ba.

Litinin ba wuta, Talata ba wuta. Sai ranar Laraba bayan la'asar yara suka ɗauki ihun an kawo. Na tashi da rawar jiki na kakkaɓe ƙura na jona, na ɗora hoton amarya, wata kyakkyawa fara mai dara-daran idanu, ta sha leshi ruwan hoda. Na danna. Takarda ta fara fitowa a hankali, ina kallo gabana ya yanke ya faɗi. Amarya ta fito koriya shar kamar an shafa mata kuka, leshin ya koma fari-fari, rubutun sunanta kuma duk wasu fararen layuka sun ratsa shi kamar sawun tururuwa.

Autarmu ta leƙo ta tuntsire da dariya ta ce, "Yaya, wannan aljana ce?" Na daka mata tsawa ta fita.

Na tuna Yaya ya taɓa nuna mini wani wuri a kwamfuta da ake dannawa na'urar ta wanke kanta. Na danna, ta yi 'yan gurnaninta, na sake bugawa, koriya. Na sake dannawa. 'Yar uwa, sai da na yi haka sau takwas a jere, har shuɗin ma ya fara dusashewa, wata 'yar fitila ta soma ƙiftawa tana cewa tawada ta kusa ƙarewa. Na kira Yaya wayarsa ba ta shiga. Na zauna a ƙasa na haɗa kai da gwiwa.

Bayan sallar isha'i aka aiko wai ana sallama da ni. Wanda yake zuwa wajena zance ne a lokacin, ɗan gayu mai ƙamshin turare, wanda ba a taɓa kawo maganar da zai ce bai sani ba. Ya ga idona ya yi ja ya tambaye ni, na gaya masa. Ya yi murmushi ya kaɗa mukullin babur ya ce, "Wannan ne ya sa ki kuka? Fito mini da ita soro, ni da nake gyara wayoyin abokaina."

Na fito da ita. Ya buɗe ya ciro katirij ɗin baƙin, wato 'yar kwalbar da tawada take ciki, ya juya ta ya haska da fitilar waya ya ce toshewa ta yi. Ya ce in kawo masa allura. Zuciyata ta ɗan yi mini nauyi na ce, "Anya kuwa? Ko mu bari a tambayi masu abin?" Ya ɗaure fuska ya ce, "Wato ba ki yarda da ni ba ke nan." Na yi shiru na ɗauko allura a kan keken Umma. Ya yi ta tsokalar ƙarƙashin katirij ɗin yana karcewa, ya hura da baki, ya goge da gefen rigarsa ya mayar. Muka jona. Ko layin da take yi da farko ba ta ƙara yi ba, sai fitila mai ƙiftawa da saƙon cewa ba ta ga katirij ɗin baƙi ba sam. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Ai dama na'urar ce jabu." Ya yi mini sai da safe ya tafi.

Daren nan ban runtsa ba. Gaba kura baya sayaki, kuɗin mutane na kashe, aikin mutane ban yi ba, ga na'urar Yaya na lalata.

Da safe Hajiya ta kira. Na ɗauka muryata na rawa. Ta ce, "'Yata ya aiki?" Ban san lokacin da bakina ya ce, "An kusa gamawa Hajiya, saura yanka kawai" ba. Ina ajiye wayar na ga Umma tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, cikin sanyi ta ce, "Lalacewar na'ura ba abin kunya ba ne, wannan da kika yi yanzu shi ne abin kunya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ɗauki mayafinki ki kai ta wajen Antinku, in kin dawo ki wuce gidan Hajiya da ƙafarki."

Wannan Anti ƙawar Umma ce tun suna 'yan mata. Ta yi aikin buga tafireta a wata ma'aikata tun shekarun 1980, da ta yi ritaya ta buɗe ɗan shagon buga takardu a garejin gidanta, tana da wutar sola. Na sa firinta a buhun bagko na hau adaidaita sahu. Da na isa na zube na gaishe ta, na kwashe labari duka na gaya mata ina hawaye. Da na zo kan maganar allura sai ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Allura? Wane mugun ne?"

Ta ciro katirij ɗin baƙin ta sa tabarau ta nuna mini wani ɗan faranti mai sheƙi a ƙarƙashinsa. Ta ce a jikin wannan ɗan abin akwai ɗaruruwan ƙofofi da ido ba ya iya rabewa, kowace ta fi silin gashi siranta. A bayan kowace ƙofa akwai ɗan abin zafi da yake ɗaukar zafin da ya kai kusan digiri 300 cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sai tawadar ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo ɗaya ya faɗa kan takarda. Haka ake yi sau dubbai a daƙiƙa ɗaya har rubutu ya fito. Ta ce, "To ki gaya mini, abin da ya fi gashi siranta, in aka sa masa allura me ya rage? Wannan ya mutu, sai dai sabo."

Tana cikin haɗa na'urar ta ba ni tarihin abin, don Anti akwai son labari. Ta ce a 1977 ne a kamfanin Canon na ƙasar Japan ƙarfen lika waya mai zafi ya taɓa allurar sirinjin da ke cike da tawada, sai aka ga tawada ta yi tsartuwa, daga nan tunanin ya samo asali. Kamfanin HP na Amurka shi ma ya gano hanyar zafin a nasa ɓangaren, ya fitar da ThinkJet a 1984, sannan DeskJet a 1988. Su kuma Epson ba sa amfani da zafi, wani ɗan abu ne da yake lanƙwasa in wuta ta ratsa shi, ya matso tawadar waje. Ta yi dariya ta ce, "Kin ga su allura ta ba su arziki, ku kuma ta ja muku asara."

Daga nan ta ce kafin a ba mara lafiya magani sai an auna shi. Ta sa na'urar ta buga shafin gwaji, wanda yake fito da kowace kala daban. Abin ya ba ni mamaki, ashe duk kalolin da muke gani daga tawada huɗu ake haɗa su. Akwai shuɗi mai haske irin na sararin sama, akwai ja mai ruwan hoda, akwai rawaya, sai baƙi, su ne ake rubuta wa C da M da Y da K a jikin kwalaben tawada. A shafin nan rawaya ta fito, shuɗi ya fito dishi-dishi, wajen jan kuma fari fat.

Ta ce, "Ga aljanarki nan. Fatar mutum ja da rawaya ne da ɗan shuɗi. In ja ya ɗauke, rawaya da shuɗi suka rage, haɗuwarsu kuma kore ne. Da rawaya ce ta ɗauke da kin gan ta ta koma shunayya, da shuɗi ne da ta yi jawur. Kalar da hoto ya koma ita za ta gaya miki wadda ta ɓata."

Na ce, "To Anti me ya ɗauke shi?"

Ta tambaye ni yaushe rabon da in yi bugu, da kuma yadda na kashe na'urar. Da na gaya mata sai ta girgiza kai. Ta nuna mini wani lungu a gefen dama na cikin firinta mai ɗan murfin roba. Ta ce nan ne makwancin katirij. In aka kashe na'ura da maɓallinta, sai ta janye su ta kai su can, robar ta rufe bakinsu iska ba ta shiga. In wuta ce ta ɗauke ana cikin aiki ko aka fizge filogi, sai su tsaya a tsakiya baki buɗe. Tawadar nan yawancinta ruwa ne. Sati biyar a buɗe, a cikin hunturun Kano, ai dole ta bushe ta toshe ƙofofin kamar yadda lalle yake bushewa a bakin leda.

Game da wankin da na yi sau takwas kuwa, sai da ta yi mini faɗa sosai. Ta ce wankin nan da tawadar kanta ake yin sa, na'urar tana fitar da ita ta ƙofofin ta zubar a wani soso da ke ƙasa. Sau biyu ko uku ya isa, in bai yi ba a bar ta ta huta na wasu sa'o'i, busasshiyar ta jiƙa, sannan a sake. Ni kuwa na zubar da shuɗi da rawayar da ba su yi laifin komai ba. Abin da ya fi haɗari ma, a irin mai zafin nan tawadar ce take sanyaya 'yan abin zafin, in aka matsa wa katirij yana bugu babu tawada sai su ƙone, in sun ƙone kuma ba gyara.

Sai ta aiki yaronta kemis ya sayo ruwan allura, don ta ce ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri-gishirin da zai ƙara toshewa. Ta ɗumama shi kaɗan, ɗumin da za a iya yi wa jariri wanka. Ta ninke tishu mai kauri ta jiƙa, ta ɗora bakin katirij ɗin kala a kai ta ɗan danna, ba gogewa ba. Da ta ɗaga sai ga layi biyu, rawaya da shuɗi. Ta ce lafiyayye layi uku yake bari. Ta zuba ruwan ɗumin a murfin kwalba, ɗan kaɗan wanda zai taɓa farantin nan kawai ba tare da ya hau jikin ba, ta tsayar da katirij ɗin a ciki kamar minti goma. Ina zaune ina ta addu'a a zuciyata. Can sai na ga ruwan ya fara yin hoda-hoda. Ta ɗaga ta danna a busasshen tishu, sai ga layi uku reras. Wallahi ban san lokacin da na rungume ta ba.

Ta ture ni tana dariya ta ce da saura. Ta nuna mini wasu ɗige-ɗige masu launin tagulla a bayan katirij, ta ce ta nan yake magana da na'ura. In ƙura ko tawada ko maiƙon yatsa ya hau su, sai firinta ta ce ba ta ga katirij ba alhali yana ciki. Ta cire wuta, ta ɗiga sifirit a ƙyalle mai tsabta mara zare ta goge su, ta goge 'yan uwansu na cikin na'urar, ta bari suka bushe sarai kafin ta mayar, ta tura har sai da ya ce ƙas. Mun gwada wa baƙin haka ko za a dace, amma ina, allura ta riga ta gama da shi.

Sai maganar ɗura tawada, tunda na zubar da ta ciki. Ta ɗaga takardar da ke manne a saman katirij, ga ramuka. Ba ta yarda da ƙwaƙwalwarta ba, sai da ta tsoma tsinken sakace a kowane rami ta ga kalar da ya fito da ita, don in aka zuba rawaya a ɗakin shuɗi an haɗa gurmi. Kowace kala da sirinjinta. A hankali take turawa, kaɗan-kaɗan, ta ce ciki soso ne, in aka cika shi fiye da kima sai ya dinga yoyo kalolin su gauraye a baki. Da ta mayar da takardar ba ta toshe ramukan ruf ba, ta ce dole iska ta samu hanyar shiga kafin tawada ta sauko. Ta kuma gargaɗe ni cewa tawadar baƙi a yawancin irin wannan na'ura ba jinsi ɗaya ba ce da ta kala, kada in ga araha in sayi kowace in zuba, araha ba ta ado.

Muka mayar, na'ura ta ce har yanzu tawada ta kusa ƙarewa. Na zaro ido. Anti ta ce in kwantar da hankalina, irin wannan ba leƙa ciki take yi ba, ƙirga ɗigon da ta fitar take yi ta yi kiyasi, shi ya sa ba ta san an ƙara ba. Ta danna mata ta ci gaba. Muka sake buga hoton, da yake na'urar tana iya aiki da katirij ɗaya, tana haɗa kala ukun ta yi wani baƙi mai ɗan ruwan ƙasa. Takarda ta fito, ga amarya fara sol, ga leshinta ruwan hoda. Anti ta ce amma ba za a buga kati 200 da wannan baƙin aro ba, rubutun ba zai yi ƙarfi ba kuma zai shanye kalar, dole a sayi sabo.

Daga nan na wuce gidan Hajiya, ƙafata kamar an ɗaura mata dutse. Na same ta cikin 'yan uwanta ana ware kayan gara. Na durƙusa na ce ina son magana da ita a keɓe. Na gaya mata komai, har ƙaryar da na yi mata da safe, na miƙa mata hotuna biyu, koren da mai kyan. Ta daɗe tana kallona ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Da na aiko gobe aka ce babu, da ni da gidanku har abada. Amma tunda kin zo da ƙafarki, na ba ki zuwa Asabar da safe. Kada ki ƙara yi wa babba ƙarya a kan abin da ba ki gama ba." Sai ta sake duban koren hoton, dariya ta ƙwace mata, ta ƙwala wa amarya kira ta zo ta ga kanta.

Kuɗin sabon katirij Umma ce ta ciro daga adashinta, ba ta ce mini komai ba, wannan shirun kuwa ya fi mini zafi a kan duka. Anti ta ce in tafi da tsohon a hannu in dace lambar da ke jikinsa, don kama da wane ba ta wane, wani ma lambar takan bambanta gwargwadon yankin duniyar da aka yi na'urar dominsa, in aka sa na wani yanki sai ta ƙi karɓa. Ta ce in duba kwalin a rufe yake, in duba kwanan watan da ke jiki. Ranar Juma'a na sha yawo kafin in sami mai shagon da ya yarda a tura masa kuɗi ta waya, na zauna a bencinsa fiye da awa biyu kafin saƙon ya shigar masa.

Na dawo garejin Anti ta tafi unguwa, na ɓare kwali na saka da kaina ina jin na zama gwana. Na danna, takarda ta fito ba ɗigon baƙi ko ɗaya. Na ce shi ke nan an sayar mini da jabu, na fashe da kuka na kira ta. Ta ce, "Kin cire ɗan salatif ɗin da ke manne a bakinsa?" Na yi tsit. Har yau in ta gan ni sai ta ce, "Ina mai salatif?"

Na cire, na bar na'urar ta buga shafin daidaita layi, sannan na fara aiki. Na zaɓi irin takardar a kwamfuta yadda Anti ta nuna mini, kowane kati ya fito in shimfiɗa shi daban ya sha iska don kada ya shafi ɗan uwansa. Sau biyu muka tsaya muka ƙara tawadar kala tun kafin ta ƙare. Ni da Auta da Umma muka kwana yanka da almakashin ɗinki. Ƙarfe 7:00 na safiyar Asabar ina ƙofar gidan Hajiya da kwali a hannu.

Yanzu ga abin da nake yi, ke ma in kina da irinta a gida ki riƙe. Ba na bari sati ya wuce ban buga ko da ɗan shafi ɗaya mai dukkan kaloli ba. Da maɓallinta nake kashe ta, in jira ta yi shiru kafin in zare filogi, in kuma wuta ta ɗauke ana cikin aiki, da an dawo da ita sai in kunna don katirij su koma makwancinsu. Na ɗinka mata riga da ragowar atamfa, na ɗauke ta daga gefen taga. In bugu ya ɓaci, shafin gwaji nake fara bugawa kafin in taɓa komai. Ki kuma lura, dabarar ruwan ɗumin nan ta katirij mai ɗauke da ƙofofinsa a jiki ce. Akwai firintocin da ƙofofin suna jikin na'urar ne, katirij ɗin tanki ne kawai, irin waɗannan kada ki kwance, ki kai wa masu gyara. Wadda kuma take son ta yi sana'ar sosai, ta tara kuɗi ta sayi mai tankin da ake ɗura wa tawada daga kwalba, irin wadda Epson ta fara fitarwa a Indonesiya a 2010 kafin sauran kamfanoni su biyo baya. Tana da tsada wajen saye amma tawadarta tana da auki.

Na san kuna jira ku ji labarin mai allura. Ya dawo zance bayan kwana uku, na gaya masa abin da Anti ta ce, ina jira ko sau ɗaya ya ce, "Ki yi haƙuri, ban sani ba." Sai ya ce tsofaffin nan me suka sani a kan kayan zamani. Na dube shi, na tuna ni ma da bakina na ce wa Hajiya aikin yini ɗaya ne, na kuma tuna yadda gwiwata ta yi sanyi ranar da na je na durƙusa a gabanta. Ni na sha wannan kunyar na wuce, shi kuwa na lura ko kusa da ita ba ya son zuwa. Na yi ta tunanin in aure ne fa, in abin da ya fi katirij tsada ya lalace a hannunsa, wa zai ɗora wa? Ba a ranar muka rabu ba, kuma ba wannan kaɗai ya raba mu ba, amma daga ranar na fara sauraren maganarsa da wani kunnen.

Na biya Umma kuɗin adashinta cikin wata biyu, yawancinsa daga aikin da ƙawayen Hajiya suka kawo mini bayan biki. Da Yaya ya zo hutun sallah na gaya masa komai, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce laifinsa ne da bai koya mini ba, na ce nawa ne da ban tambaya ba. Koren hoton kuwa amarya ta hana ni, ta ce yana cikin durowar madubinta, duk ranar da angon ya ɓata mata rai shi take ɗaukowa ta ce masa ga matar da ta dace da shi.